An yi min kaciyar leza, an ce kwana uku zan koma aiki

Admin: Assalamu alaikum 'yan gida. Wani ɗan'uwa ya turo wannan ta akwatin sirri, ya roƙi a ɓoye sunansa. Maganar lafiya ce, duk wanda ya zo da shashanci zan fitar da shi ba gargaɗi. Amsoshinsa ni zan riƙa ɗorawa.

"Ni magidanci ne, na haura shekara 30, ina jan keke napep a Jos, tsakanin Terminus da Bukuru. Kaciyar da aka yi min ina yaro a ƙauye ba ta fita duka ba, an bar fata da yawa, amma ba ta taɓa damuna ba sai bara da wurin ya fara ƙaiƙayi yana tsattsagewa, fatar ta tsuke har ba ta ja da baya. Da na je asibiti aka auna ni aka ce ina da suga, kuma sai an gyara kaciyar. Wani asibitin kuɗi aka nuna min, suka ce da leza suke yi, ba jini ba ɗinki, kwana uku na koma kan kekena. Litinin aka yi, yau Juma'a. Wurin ya kumbura, ga ɗinki ina gani da idona, ga wani abu rawaya-rawaya ya kwanta a kan kaciyar, da asuba kuma idan gaba ya motsa sai na ciji filo. Mai keke sai kirana yake a kan balas. Don Allah masana, haka abin yake ko an lalata ni ne? Kuma me zan sa ya bushe da wuri?"

Ɗan Gangare: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Amma kwana uku fa? Ko ƙaya ka taka ai ta fi kwana uku tana maka tsami.

Hajiya Kaka: Sannu ɗana. A dafa bagaruwa a riƙa gasa maka wurin safe da yamma, in an gama a barbaɗa garinta. Haka muka yi wa namu, ga su nan sun zama iyayen wasu. Kuma ka bar gyaɗa da ƙwai da miyar yauƙi sai ka warke.

Bakanike Dilimi: Ka je kemis ka sayi kafso ja da yalo, ka buɗe ka zuba garin a kai. Kwana biyu ya ƙame.

Nas Mai Aikin Dare: Don girman Allah kada ka zuba komai. Hajiya ki gafarce ni, zan dawo kan bagaruwa. Bari in fara da abin da ya tsorata shi.

Kumburi a makon farko ba alamar ɓaci ba ne. An yanke fata a zagaye, an katse ƙananan hanyoyin da ruwan jiki yake bi ya koma sama, sai ya taru a bayan kan kaciyar, musamman ta ƙasa. Yakan fi tsanani a kwanakin farko, sannan ya fara sacewa a hankali, ragowarsa kuma takan kai makonni. Abin da ke ƙara shi shi ne barin gaban yana reto cikin faffaɗan wando. Ka nemi fant na auduga mai ɗan kamawa, ka ɗaga gaban ya kwanta yana kallon cibiya, fant ɗin ya riƙe shi a haka. Maza da yawa sukan ce ai gara iska ta riƙa shiga, su ɗaura zani su zauna. Ga yaro ƙarami hakan ya yi, ga babba kuwa nauyin ne ke jan ɗinkin.

Abin nan rawaya, in dai ba ya wari, ba ya malala, kuma ba ya gogewa da sauƙi, ba mugunya ba ce. Jiki ne yake shimfiɗa shi a kan rauni kafin sabuwar fata ta rufe. Kada ka kankare shi. Mugunya tana da kauri, tana zuba, tana wari, kuma zafin wurin ƙaruwa yake kullum maimakon raguwa.

Wanki kuma: ka wanke hannunka da sabulu tukuna. Ka tafasa ruwa ka bar shi ya huce, rabin lita, wato kamar ledar fiya wata ɗaya, ka sa gishiri ƙaramin cokali da bai cika ba. Ka kwarara a kai a hankali, ka ɗauki ƙyallen asibiti mai tsabta ka daddanna ya tsane, ba gogawa ake ba. Auduga tana barin gashi a cikin ɗinki, ka bar ta. Sai ɗan basilin a bakin ɗinkin da kan kaciyar don kada fant ya manne. In ya riga ya manne, jiƙa shi za ka yi da ruwan nan har ya saki da kansa. Ban da Dettol, ban da sipirit, ban da man goge baki, ban da ruwan zafi. Duk suna ƙona sabuwar fatar da ke ƙoƙarin fitowa.

Amma tunda kana da suga, ni ban yarda mu yanke hukunci daga waya ba. Gobe ka koma inda aka yi maka su gani da ido.

Bakanike Dilimi: Sista, to kafson fa? Ni na gwada a ƙafata ya yi.

Nas Mai Aikin Dare: Na haɗiya ne, ba a yi shi don barbaɗawa ba. Yana dunƙulewa ya yi ɓawo a sama, ka ga kamar ya bushe, alhali ƙasan yana jiƙe. Ranar da aka kawo mana irinsu sai mun jiƙa mun ɓamɓare kafin mu ga abin da ke ciki, kuma a farke mutum yake ana yi.

Likitan Tiyata: Sista ta gama magana a kan jinya. Ni abin da ya tsaya min shi ne alkawarin da aka yi masa, don shi ne ya jefa shi cikin tsoro. Leza haske ne mai ƙarfi da ake yanka da shi a madadin aska, wadda aka fi amfani da ita a wannan aikin ita ce ta CO2. Tana yanka tana toshe ƙananan jijiyoyin jini a lokaci guda, shi ya sa jini ba ya zuba sosai ana cikin aikin. Amfaninta ke nan, kuma amfani ne na gaske. Amma fatar da aka cire an cire ta, bakin sama da na ƙasa dole a haɗa su, ko da zare mai narkewa ko da gam na tiyata. Yadda jiki yake haɗe rauni kuma babu injin da ke gaggauta shi. Babban mutum mako 4 zuwa 6 yake ɗauka, da aska aka yi ko da haske.

Ina da tambaya ga mai jinya. An ba ka tabarau ka sa, su ma masu aikin sun sa? Ko kuwa an manna maka wani faifai mai sanyi a cinya, da waya a jikinsa?

Admin (amsar mai tambaya): "Babu tabarau likita. An dai manna min wani abu a cinya. Abin da yake riƙe da shi kamar biro ne mai waya, yana ƙara, ina jin ƙauri."

Likitan Tiyata: To da alama na'urar ƙona jijiya ta lantarki ce, wadda muke kira dayatami. Inda ake leza ta gaske kowa a ɗakin sai ya kare idonsa, har da wanda ake wa aikin. Kada wannan ya ɗaga maka hankali, dayatami kayan aiki ne na yau da kullum a ɗakin tiyata, a hannun wanda ya iya ba ta da laifi. Na faɗa ne saboda masu shirin kai 'ya'yansu. A garin nan da Abuja duk abin da ya yi hayaƙi leza ake ce masa, a ƙara kuɗi. Wurin da take da haɗari shi ne gaban jariri: irin mai faifai a cinya, idan ta taɓa ƙarfen da aka matse fatar da shi, wutar tana iya bi ta ƙone gaban gaba ɗaya, kuma wannan ba ya gyaruwa. Don haka tambayar da za ka yi ba sunan injin ba ne. Wa zai yi aikin, mene ne horonsa, kuma in jini ya ɓalle da tsakar dare wa za ka kira?

Ɗan Kubwa: Ni tawa ta gasken ce, da tabarau da komai, a nan Abuja, kuma na biya kuɗi mai ciwo. Jini kam ban gani ba. Amma kumburi da tashin asuba babu wanda ya ɗauke min. Ga abin da ya taimake ni: daga sallar isha'i na rage shan ruwa, in yi fitsari dab da kwanciya, in sa ƙararrawar waya ta tashe ni cikin dare in sake yi. Mara a cike tana iya ƙara jawo miƙewar. Kwanciya kuma a gefe, a naɗe gwiwa. In ya taso duk da haka, ka tashi ka taka ƙasa, ko ka ɗora leda mai sanyi a cinya ko mara, a naɗe cikin tawul. Ku a Jos ma ba kwa buƙatar firij, simintin ɗaki da asuba ya isa. Sannan waya. Duk abin da ka san zai motsa ka, ka yi nesa da shi.

Ɗan Gangare: Wato har madam a tura ta gida ke nan 😂

Maman 'Yan Biyu: A tura ta gida wa zai dafa masa ruwan? Ku dai maza. Ta koma ɗakin yara kawai.

Likitan Tiyata: Raha ce amma maganar tana da nauyi. Mako 6 cur babu kusantar iyali, babu wasa da hannu. Ba ni na ƙirƙira ba, shi ne ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manyan da aka yi wa kaciya. Tun 2007 hukumar ta sa kaciyar maza cikin hanyoyin rage kamuwa da HIV, bayan gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda sun nuna tana rage haɗarin ga namiji da kusan kashi 60 cikin 100. Daga nan aka yi wa miliyoyin manya a gabashi da kudancin Afirka, don haka an san jinyar babba ciki da waje. Abin da ke yaudarar mutane shi ne a mako na uku sama ya rufe, zafi ya tafi, sai mutum ya ce ya warke. Tabon bai yi ƙwari ba tukuna. Ya dare a wannan lokacin, an koma farko, ga ƙofa a buɗe ga kowace cuta, daga shi zuwa iyalinsa ko daga su zuwa shi.

Alhaji Mai Gida Biyu: Likita, mai mata biyu fa? Rabon kwana ya zai yi?

Malam Na Rikkos: Alhaji, rabon kwana na kwana ne, ya kwana inda yake da girki ya yi barcinsa. Larura ce, su ma sun sani.

Tunda na shigo, akwai abin da na san yana damun mai tambaya ko da bai faɗa ba, wato tsarki da salla. Da farko kada kunya ta kama ka don an yi maka da girma. Ya tabbata a hadisi Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya yi kaciya yana da shekara 80. In ka yi fitsari kuma ruwa yana cutar da wurin, ka tsane da tishu ko ƙyalle mai tsabta, ya isar. Ɗan jini ko ruwan ciwo da ke fita ba da sonka ba ya taɓa tufa, an yi rangwame a kansa. In wanka ya wajaba a kanka ta hanyar mafarki, ka wanke sauran jikinka, wurin ciwon ka shafa a hankali, in akwai bandeji ka shafa a kansa. Ba a tsallakawa zuwa taimama alhali sauran jiki lafiya lau yake kuma ruwa ba ya cutar da shi. Ruku'u da sujada in suna jan ɗinkin, ka yi salla a zaune, hadisin Imrana ɗan Husaini a fili yake: a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Kada dai ka bar salla da sunan ba ka da tsarki, don na ga masu yin haka har sati biyu.

Nas Mai Aikin Dare: Allah ya saka Malam. In ƙara: bayan kwana biyun farko, in dai ba su ce masa akasin haka ba, ruwan wanka ya bi ta kai ba matsala, a tsane kawai. Jiƙa shi a baho ko shiga rafi ne ba a so.

Ɗan Sarkin Aska: Na yi shiru ina karantawa, amma an taɓa gidanmu. Mai tambaya ya ce ta ƙauye ba ta fita ba, sista ta ce a bar bagaruwa, to sai ka ce duk mazan ƙasar nan a asibiti aka yi musu. Kakana ya yi, mahaifina ya yi, ni ma ina yi. Lokacin hunturu ake tara yara, a yi musu da sassafe, a sa kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta goga, a yanka musu kaza, wanzami yana zagayowa kullum yana dubawa har su warke. Wane asibiti ne zai biyo ka gida kullum? Ga shi nan an karɓi kuɗinsa an sallame shi, sai a Facebook yake neman mai duba shi. Mu ba mu taɓa ce wa kowa kwana uku ba.

Ɗan Gangare: Wallahi nan ya faɗi gaskiya. Na tuna kazar nan, har yau ban ci mai daɗinta ba.

Likitan Tiyata: Ranka ya daɗe, biyowa gida da faɗin gaskiya a kan kwanaki, na sallama maka, mu ne ya kamata mu koya. Kuma na ga kaciyar wanzamai da yawa da ta fita tsaf. Inda muka rabu biyu ne. Na ɗaya aska ɗaya ga yara da yawa, hanyar ciwon hanta nau'in B da HIV ke nan. Na biyu abin da ake zubawa a kan raunin. Ita bagaruwa tana da sinadarin da ke tsuke fata, shi ya sa majema suke jima da ita, shi ya sa kuma ake ganin ciwo ya ƙame. Matsalar garin ce: a ƙasa aka tsince ta, a turmi aka daka, a buɗe aka shanya. Ƙwayar tetanus a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma tafasawa ta 'yan mintoci ba lallai ta kashe ta ba. Balle masu sa toka ko ƙasar bango. Wanda ya taɓa ganin yaro haƙoransa sun sarƙe, bayansa ya sandare yana bankarewa, ba zai ƙara barbaɗa komai a kan rauni ba. Mai tambaya, ka tambaye su ko sun yi maka allurar tetanus, in ba ka san rabonka da ita ba a yi maka.

Ɗan Sarkin Aska: Aska ɗaya tsohon zance ne likita, yanzu kowane yaro da sabuwar rezarsa, uban ne ma yake sayowa, kuma ina sa safar hannu. Bagaruwa kuwa ba zan ce maka na daina ba. Amma babba mai suga, ko mahaifina ba ya taɓawa, asibiti yake turawa.

Hajiya Kaka: To ni dai na ji. Amma ƙwai da gyaɗa fa, shi ma ƙarya muke?

Nas Mai Aikin Dare: Haba Hajiya, wa ya isa ya ce kina ƙarya. Sai dai kazar da kuke yanka wa yara ita ce daidai, hanin ƙwan ne ba shi da tushe. Da irin su ƙwai da kifi da wake da nama jiki yake gina sabuwar fata. Shi wannan bawan Allah ma abin da zai kashe masa jinya ba gyaɗa ba ce, kayan dubiya ne. Yanzu 'yan'uwa za su cika masa ɗaki da lemon kwalba da maltina da madarar gwangwani wai a mayar da jini, ga kunu da sukari safe da yamma. Suga in ya hau, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sanyi suke yi, rauni ya ƙi haɗewa, kuma shi ne tun farko ya jawo masa tsagewar fatar. Ya samu abin awo ya riƙa dubawa. Abin da aka fi nema ga yawancin masu suga shi ne 80 zuwa 130 (a ma'aunin mg/dL) da safe kafin a ci komai, ƙasa da 180 awa biyu bayan cin abinci, sai in likitansa ya ba shi wani adadin. Ya sha maganinsa kan lokaci. Gwaten acca da ganye da yawa ya fi masa tulin shinkafa, amma ita ma accar ba a cika kwano a ce ai ta masu suga ce. In yana shan taba, wannan ne lokacin ajiye ta, tana tsuke jijiyoyin da ke kai jini wurin.

Mai Maganin Maza: Akwai haɗi na musamman, kwana 3 ciwo ya bushe, yana ƙara ƙarfi da girma. A yi min magana ta inbos.

Admin: Na cire shi. Wani kwana ukun kuma.

Maman 'Yan Biyu: Likita don Allah in ɗan karkatar da zancen. Nawa shekararsu 6, babansu ya ce hutun Disamba za a yi musu saboda sanyi. Dole sai da sanyi? Kuma ɗayan sikila ne, gabana faɗuwa yake.

Likitan Tiyata: Hajiya, sanyi ba ya warkar da ciwo. Abin da yake yi shi ne rage gumi da ƙuda, ga kuma hutun makaranta. Kowane wata ana yi. Mai sikila kuwa sanyin Jos na Disamba ma abin gudu ne gare shi, don sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zafin ciwo duk suna iya tayar masa da ciwonsa. Nasa a asibitin da ke da likitan yara za a yi, a auna jininsa tukuna, a tsara maganin zafi, ya sha ruwa sosai, a rufe shi da kyau. In gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya yana masa zafi, kada ki tsaya kunya ko jiran gari ya waye, a masu sikila wannan na gaggawa ne.

Abu biyu kuma ga duk mai ɗa namiji. Ki tambaya a danginki, ba dangin babansu ba: cikin 'yan'uwanki maza ko kawunnanki na wajen uwa akwai wanda jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya ko cire haƙori? Cutar rashin daskarewar jini, himofiliya, ta wajen uwa take bi ta kama 'ya'ya maza, kuma sau da yawa ranar kaciya ake fara gane ta. Na biyu, ki duba inda fitsari yake fita. In ƙofar ba a tsinin take ba, tana ta ƙasa, kada a yi kaciya sai likitan tiyata ya gani, don da wannan fatar ake gyara.

Jinyar yara ta fi ta babba sauƙi, yawanci mako ɗaya zuwa biyu sun miƙe. Jallabiya ba wando, basilin, farasitamol gwargwadon nauyinsu. Ban da asfirin ga yara sam. Ban da keke da hawa katanga.

Maman 'Yan Biyu: Na gode likita, Allah ya ƙara basira. Hawa katangar nan ita ce aikin.

Ɗan Farin Gada: Ni tambayata maganin zafi. Wani abokina tiramol ya sha da aka yi masa.

Nas Mai Aikin Dare: Kada ya soma, sai in likita ne ya rubuta. Farasitamol ya isa yawancin mutane. Ibuprofen yana taimaka wa kumburi, a sha bayan an ci abinci, amma mai olsa ko ciwon ƙoda ya bar shi, mai suga kuma ya tambayi likitansa tukuna saboda ƙoda. Asfirin yana sa jini ya ƙi tsayawa, a kula da garin maganin ciwon kai na leda, wasunsu da shi a ciki. Wanda kuma likita ya ɗora shi a kan asfirin saboda zuciya, ba shi zai daina da kansa ba, faɗa zai yi tun kafin aikin.

Ga abin da ba a kwana da shi a gida. Jinin da ka danne da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, ya ƙi tsayawa. Fitsari ya ƙi fita kusan awa 8 ga mara a cike. Zazzaɓi da rawar sanyi. Kan kaciyar ya koma baƙi ko ya yi sanyi. Ja ko kumburi yana hawa zuwa mara ko 'ya'yan maraina, ko wari. Ɗinki ya buɗe baki. Muƙamuƙi ya yi tauri. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo da asibitocin Plateau Specialist da Jankwano duk suna da sashen gaggawa. Ga mai suga, wannan na hawa zuwa maraina shi na fi tsoro, yana gudu cikin awoyi.

Admin (amsar mai tambaya): "Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na koma da safe. Sun ce babu mugunya, ɗinkin yana nan, amma suga ya hau sosai, sun gyara min magani, sun yi min allurar tetanus. Fant ɗin da sista ta ce ya taimaka, jiya na yi barci. Saura maganar keke. Yaushe zan iya hawa? Yara suna gida."

Likitan Tiyata: Alhamdu lillahi. Mai aikin ofis bayan mako ɗaya yakan koma. Kai wuni kake a zaune kan kujera mai jijjiga, ga ramuka, ga gumi, ga turawa in ya mutu a hanya. Ka ba shi mako biyu aƙalla, kuma sai sun sake gani sun ce to. In ka fara, rabin wuni, da fant na canji a aljihu. Ka roƙi su rubuta maka takarda ka nuna wa mai keken, ba sai an rubuta wane aiki aka yi ba.

Alhaji Mai Gida Biyu: Ni ma ina da kekuna a hannun yara. Ka samu ƙaninka ko wani amintacce mai lasisi ya riƙa fita da shi, ya cire balas, ku raba saura. Ka je da shi gaban mai keken ya san shi. Ba mai keken da zai ƙi, ajiye shi ne ba ma so.

Ɗan Kubwa: Ka shirya wa ƙaiƙayi a mako na biyu, da kuma kan kaciyar da ko riga ta taɓa sai ka zabura. Wannan na biyun yana dusashewa da kansa cikin makonni, tunda wurin da a rufe yake. Tabon ma da farko ja ne mai tudu, kada ka tsaya kana auna kyansa yanzu, sai bayan watanni yake kwanciya.

Admin (amsar mai tambaya): "Sista, zaren fa? Wani ya fara saki yana lilo, in ja shi?"

Nas Mai Aikin Dare: A'a, kada ka ja. Mai narkewa ne, daga mako na biyu zuwa na huɗu za ka riƙa ganin guntayensa a fant ko wajen wanka. Wanda yake lilo yana kama tufa, ka shafa masa basilin ya kwanta, ranar da ka koma su datse shi da almakashinsu. In an kai mako 6 akwai wanda ya ƙi faɗuwa, su za su cire maka, ba ya ɗaukar minti biyu.